Koren Ƙyallen da Na Rufe Albasa da Shi

Haɗeja.

Zuwa ga Usumanu,

Da sunan Allah nake farawa, mai tsare wanda ya tafi da wanda aka bari a gida. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, ka sami wurin zama a cikin jirgi, ba wanda ya taka maka ƙafa. Allah ya kai ka Zariya lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon wuri, amin.

Sunan da ka gani a sama, kawunka Isa ne ya rubuta abinsa, ni ban faɗa ba. Ka san bakina bai taɓa kama shi ba, kai ɗan fari ne, ni kuwa ba mara kunya ba ce. Ɗan Inna na saba ce maka, da shi zan ci gaba. Ni nake faɗa, Isa yana rubutawa da bokon da ya koyo a soja, kuma na rantsar da shi kada ya rage kada ya ƙara. Na ce kada ya miƙa maka takardar sai kun isa Malam Madori, jirgi ya yi kuka, ka sa ƙafa a ciki. Ka ga tsoro ke nan. Mace da girmanta tana tsoron haɗa ido da ɗan da ta haifa. To haka ne, ba zan ɓoye ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san akuyar da ta haihu da wadda ba ta haihu ba. Kurakuraina zan faɗa maka. Za ka je ka koyi aikin gona wurin Turawa, in ka gama a tura ka inda aka ga dama, wa ya san ina? Mai yiwuwa shekaru su shuɗe ban sa ka a ido ba, rai kuwa ba a hannuna yake ba. Shekara uku ke nan kana gaishe ni yadda ake gaida matar maƙwabci. Ka durƙusa a bakin ƙofa, ka ce, "Yaya, ina kwana," in ce, "Lafiya lau," ka tashi. Na san dalili, kai ma ka sani. Ba na so ka bar ƙasar Haɗeja da wannan abin a ƙirjinka.

Bari in fara da kuskuren da na yi tun ba a haife ka ba. Shekarar da aka kawo ni gidan nan, da ruwa ya fara janyewa daga fadama, kakarka Inna, Allah ya jiƙanta, ta miƙo mini ƙullin irin albasa da na tumatir. Ta ce, "Amarya, a gidan nan mata ke renon iri, maza su dasa. Ga naki." Ka san yadda ake yi. Mu zuba iri a bayan ɗaki, mu yi ta shayar da shi safe da yamma har ya yi ƙwari, sannan babanka ya kwashe ya kai lambu bakin kogi, ya dasa a fangali, ya kama jan jigo. In iri ya lalace a hannun mace, lambun shekara ya tafi tun ba a fara shi ba.

Ni kuwa 'yar marina ce. Gidanmu baba da karofi muka sani, ko haki ban taɓa reno ba. Da na ga 'yan tsirrai sun ɓullo, sirara kamar gashin jariri, rana tana dukansu, sai tausayi ya kama ni. Na ce wannan ai zalunci ne. Na kwashe kasaken da na zuba irin a ciki na kai su gindin tsamiyar bayan gida, inda inuwa ta fi kauri, inda ni kaina na fi son zama. Kwana kaɗan sai ga su sun yi tsawo. Ina ta murna, ina cewa nawa ya fi na kowa saurin girma. Ashe miƙewar yunwa ce. Suka koɗe, wuyansu ya yi siriri, duk suka karkata wajen da haske yake. Ran nan da safe na tarar sun kwanta gaba ɗaya.

Inna ta zo ta tsaya, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki shuka jariri ce? Rana ai ita ce tuwonta. Kin ɗauke ta daga gaban akushi, wai kina tausayinta." Ba ta zage ni ba. Ta raba nata irin biyu ta ba ni rabi.

To ka ji na farko, ɗan Inna. Inda ka fi jin daɗin zama ba lallai ne nan za ka yi ƙwari ba. A can za ka tarar da masu son inuwa, waɗanda da sun sa wando da takalmi sai su ga sun fi ƙarfin fartanya. Kada ka zauna da su. In malaminku ya ce a shiga gona, ka riga kowa shiga. In kuma wata rana Allah ya sa wasu a ƙarƙashinka, kada tausayi ya sa ka hana su wahalar da za ta gina su.

Da ina da hankali, da wannan ya ishe ni darasi. Amma sai na ƙware. Shekara bayan shekara irina ya fi na kowa a unguwa, mata suna zuwa su tambaye ni yadda nake yi, ni kuma kaina ya kumbura. Daga nan ne na biyun ya fito.

Ka tuna shekarar da ambaliya ta shanye mana rabin gero, kurkunu kuma ya kama babanka ƙafa biyu, ya kwanta a turaka ko masallaci ba ya iya zuwa. Duk abin da za mu ci har wata daminar yana wuyan albasa. Irin da ke hannuna kuwa ƙulli ɗaya ne, babu na biyu, babu Inna da za ta raba mini nata. Na zuba shi a dogon fangali bayan ɗaki. Abin da aka saba, a kafa 'yar rumfar kara tsilla-tsilla, rana tana ratsawa, bayan 'yan kwanaki a ɗauke. Ni kuwa na ce bana sai na yi abin da ya fi na kullum, tunda bana ba ta ɗaukar kuskure.

Kawunka Isa bai daɗe da dawowa daga soja ba, da akwatin ƙarfe da labaran da rabinsu ƙarya ne. Ga shi nan ya ɗago kai yana hararata. Rubuta, Isa, ai ni yayarka ce. Cikin tsarabar da ya kawo mini har da wani ƙaton ƙyalle, kore shar, mai santsi, shara-shara, ya ce da irinsa ake jefo musu kaya daga jirgin sama. Na ɗaga shi a rana, na ga hasken da ya ratso shi ya zama kore a kan hannuna. Nan take dabara ta faɗo mini, kuma dabarar 'yar marina ce. A gidanmu, zare in ya sha baba ya zama shuɗi. Launin da ka gani a jikin tufa, shi tufar ta sha. To ganye kore ne. Ashe kore yake sha ke nan! In na tace masa rana na ba shi koren zalla, na ba shi tuwo da miya har da man shanu.

Na kafa sanduna, na ninka ƙyallen biyu, na lulluɓe fangalin har ƙasa ta ko'ina. In ka leƙa ciki, kai, abin gwanin kyau, komai kore kamar ƙarƙashin ruwa. Matan unguwa suka zo kallo. Maƙwabciyarmu Ya Falmata ta tafa hannu ta ce, "Lale, lale! Dije, wannan ai aljannar albasa kika gina." Ni kuwa ina tsaye ina hura hanci.

Ana cikin haka ka shigo, ranar da ka dawo hutu daga makarantar Midil ta Kano, ko ƙurar hanya ba ka wanke ba. Ka gaida mata, ka durƙusa, ka ɗaga gefen ƙyallen ka leƙa. Ka daɗe kana dubawa. Sannan ka ce, "Yaya, a cire wannan. Zai kashe irin."

Na ce, "Me ka ce?"

Ka ce, "Ganye ba ya cin koren haske sosai, Yaya. Ja da shuɗi ya fi ci. Koren shi yake mayarwa, shi ya sa muke ganinsa kore."

Wallahi na ji kamar ka watsa mini ruwan zafi. A gaban mata! Ɗan da ko sunansa ba na kamawa, shi zai koya mini launi, ni da na buɗe ido a bakin karofi? Na ce, "Sannu, Bature. Ashe ganye ma an sa shi a makaranta, har ya gaya muku abin da yake ci? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ka ba ni wuri." Mata suka kwashe da dariya. Ka sunkuyar da kai ka shige.

Ga na biyu. Kama da wane ba ta wane. Don na san zare, sai na ɗauka na san ganye. Kai ma za a cika maka kai da ilimi, kuma ilimin da ya yi daidai a wani wuri zai yi maka kama da ya yi daidai a ko'ina. Ƙasar Zariya ba ƙasar fadamarmu ba ce. In sabuwar dabara ta faɗo maka, ko daga littafi ko daga kanka, ka gwada ta a fangali ɗaya, ka bar sauran yadda aka saba, ka jira ka gani. Kada ka ɗora cikin gida guda a kan abin da ba ka gwada ba, yadda na yi. Wani abu kuma, ba don in wanke kaina ba: in za ka gyara wa babba, ka ja shi gefe. Manoman da za a tura ka wurinsu sun girme ni, sun kuma fi ni taurin kai. In ka kunyata mutum a gaban sa'o'insa, ko zuma ka kawo masa zai ce maɗaci ne.

Kai kuwa ka gane wannan da kanka, tun kafin in faɗa, shi ya sa na uku ya fi yi mini ciwo.

Kashegari da hantsi, gida ba kowa, babanka yana kwance, ƙannenka sun tafi allo, sai ga ka daga bakin kogi, wandonka jiƙe har gwiwa. Ka ɗebo ciyawar nan ta ƙarƙashin ruwa, wadda masunta ke tsinewa don tana cika musu koma. Ka jera kwalabe huɗu masu haske a tsakar gida, ka cika su da ruwa, ka sa reshe ɗaya ɗaya a ciki. Ɗaya ka bar ta tsirara. Ɗaya ka naɗe da jan ƙyalle shara-shara, ɗaya da shuɗi mai haske, ta huɗu da guntun koren nan da ya rage mini. Ka zo bakin madafa ka ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, don Allah zo ki ga wani abu. Ba kowa."

Na zo ina ɓata rai, muciya a hannuna. Ka ce in durƙusa in leƙa ta bakin kwalba. Na leƙa ta farko, sai ga 'yan kumfa ƙanana kamar tsakin gero suna fita daga jikin ciyawar suna hawa sama, ɗaya na bin ɗaya, ba tsayawa. Na ce, "Mene ne wannan?"

Ka ce, "Girki take yi. Ganye yana haɗa ruwa da iska ya dafa abincinsa, haske shi ne wutarsa. Kumfan nan kamar tururin tukunya ne. In ya yi yawa, girki na sauri."

Na leƙa ta ja, kumfa na tashi, bai kai na farko ba amma yana tashi da kyau. Ta shuɗi ma haka. Na leƙa ta kore. Na jira. Na jira har gwiwata ta yi tsami, sannan ɗaya ya ɓullo, ya hau a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Na sake jira kafin wani ya biyo shi.

Ka ce hasken rana da muke gani fari ba launi ɗaya ba ne, launuka ne a gauraye, su ne ke rabuwa a bakan gizo. Ka ce ƙyallena yana tare ja da shuɗi a waje, ya bar wa albasa wanda ba ta cika so ba. Har ka ce, "Tufa launin da ta sha take nunawa, Yaya, gaskiyarki. Ganye kuwa wanda ya bari yake nunawa." Sai na tuna tsamiya, na tambaye ka. Ka ce hasken da ke gindin bishiya saura ne, ganyen sama ya riga ya cinye mai kyan, abin da ya sauko kaɗan ne kuma kore ya fi yawa a ciki. Shekaru ina ɗauke da maganar Inna ban san cikinta ba, sai ranar.

Ɗan Inna, na gani. Da idona na gani, kuma na yarda. Bakina ya buɗe zan ce, "Je ka cire." Sai na ji sallamar Ya Falmata daga zaure. Na dubi kaina: ga ni durƙushe a ƙasa, kai kusa da kai da ɗana na fari, yana koya mini karatu. Na miƙe zumbur. Na sa ƙafa na ture kwalaben, ruwa ya malale, na ce da ƙarfi yadda za ta ji, "Kwashe mini tarkacen nan! Ƙato da kai kana wasan yara a tsakar gida." Ka tsuguna kana tsince ciyawar daga cikin laka.

Ba na zagin kunya. Da ita aka rene ni, da ita uwata ta reni yayana, kuma gidan da babu ita ba gida ba ne. Amma ni ɓuya na yi a bayanta. Girman kai ne na ɗaura wa zanen kunya. To na uku ke nan: in idonka ya ga gaskiya, kada ka tsaya duba wa ya kawo ta, kada ka tsaya duba wa ke kallonka. Wata rana wani tsohon manomi da bai san bihim ba, ko leburan da ke ɗaukar maka kaya, zai nuna maka abin da ya karya abin da aka koya maka. Ka durƙusa ka leƙa. In wani ya shigo ya same ka a durƙushe, ka ci gaba da leƙawa, ka ce masa shi ma ya zo ya gani.

Yanzu ga wanda saboda shi aka ɗauko alƙalami. Isa, ka rubuta shi yadda na faɗa.

Bayan kwana biyu na tarar an naɗe ƙyallen daga gefen gabas, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na fangalin, an kafa 'yar rumfar kara irin ta kullum. Na san kai ne. Na yi ta faɗa, ina cewa wane mai ƙarar kwana ne ya taɓa mini kaya. Amma ka lura ban mayar ba. Na bar shi haka, don a cikin raina na san wa ke da gaskiya, ina so a ceci wani abu ba tare da na ce a ceta ba. Sauran kuwa na bar shi a rufe, don in na cire, me zan ce wa matan da suka yi mini guɗa? Kullum in leƙa, in ga suna koɗewa, suna miƙewa irin miƙewar gindin tsamiya, in saki ƙyallen in ce gobe za su farfaɗo. Sati uku ina wannan. Ran da na tarar sun kwanta, gindinsu ya fara ruɓewa, naka na gefen gabas yana tsaye kore, mai kauri, kamar ba ƙulli ɗaya suka fito ba.

Da sassafe na yaye ƙyallen, na tuge sandunan, na cusa shi ƙarƙashin gado. Da rana ta ɗaga babanka ya ce yau sai ya ga irin da idonsa, don lokacin dashe ya yi. Ya dogara sanda, yana jan ƙafa, ya zo ya tsaya a kan fangalin. Bai san komai ba, shi dai ya ji ana cewa na yi wa iri rumfa. Ya dubi ɓarnar. Ya ce, "Dije, me ya sami irin nan?"

Kana tsaye bakin rijiya da guga a hannu. Na ce, "Yaron nan ne. Tun da ya dawo yake buɗe-buɗe da gwaje-gwajensa na makaranta, na hana bai hanu ba."

Haka na ce. Ba shaiɗan ne ya faɗa ba, ni ce.

Babanka ya kira ka, ka zo ka durƙusa. Ya ɗaga sandar da yake dogarawa ya sauke maka a kafaɗa, sau biyu, har ya kusa faɗuwa. Ya ce bokon banza ka koyo, ka zo ka kashe gida da yunwa. Ƙannenka suna kallo. Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya. Kalma ɗaya ta ishe ka, ka ce a duba ƙarƙashin gado. Ba ka faɗa ba. Ka rufa mini asiri a daidai lokacin da na tona maka wanda ba naka ba. Da la'asar ka kwashe irin da ya tsira ka kai lambu, ka dasa da hannunka, ka yi ta jan jigo har hutu ya ƙare, tafin hannunka duk ya fashe. Albasar nan ita muka sayar muka ci har aka yi shuka. Babanka yana cewa ai gara da ka yi, ka biya ɓarnarka. Ni kuwa ina tuƙa tuwon ina zuba maka. Ban taɓa jin daɗin loma ɗaya ta wannan shekarar ba.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, ta haifa mini shekara uku na gaisuwar bakin ƙofa. To ka ji na huɗu, kuma in ka manta sauran kada ka manta wannan. Za ka yi kuskure a aiki, dole ne, wanda bai yi ba bai taɓa komai ba. Ranar da ka yi, Bature ko wani babba ya tsaya a kanka yana tambaya, za ka ga wani na ƙasa da kai a tsaye kusa, wanda ba zai iya musa maka ba. Bakinka zai so ya kama sunansa, don ya fi sauƙi. Ka cije. Ka ce, "Ni ne." A ranar za ka ji kunya, amma ta kwana ɗaya ce. In ka bari ta kwana, kullum ƙara nauyi take, har ka kai inda sai ka nemi wani ya rubuta maka ita a takarda. Shirun da ka yi kuma, Allah ya saka maka, amma don ni uwa ce. Kada ka saba da shi a waje. In an ɗora maka abin da ba ka yi ba, ka faɗa cikin ladabi.

Yau da safe, bayan ka fita sallama da dangi, na jawo ƙyallen daga inda yake, na kai shi turaka na shimfiɗa gaban babanka. Na faɗa masa komai, tun daga kwalabe har zuwa ƙarƙashin gado. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Dije, shekara uku kina kallona ina ɗaure wa yaron da ya ciyar da ni fuska?"  Furar da na dama masa tana nan a rufe, bai taɓa ba. Ban roƙe shi ya huce ba, yana da gaskiya, kuma ba tasa ce ta fi damuna ba yanzu. Daga nan na aika aka kira Ya Falmata, ita ma na gaya mata, na ce ta gaya wa duk wadda ta yi dariya ran nan. Ta ce, "Haba Dije, abin da ya wuce?" Na ce a wurinki ya wuce.

Da azahar babanka ya kira Isa. Ka san babanka, bakinsa ba zai iya ba ka haƙuri ba, ko za a yanka shi. Ya ce gobe akwatinka shi da kansa zai ɗauka a ka, daga ƙofar gida har inda za ku hau mota, ta tsakiyar kasuwa, kada Isa ya taɓa, kada ƙannenka su taɓa, kai ma in ka kai hannu a hana ka. Kafin ka karanta wannan ka riga ka gani, na san kuma ka yi ta mamaki, ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. To dalilin ke nan. Ban-haƙurinsa ke nan, ba shi da wani.

Ni ba na fita, ba ni da kayan da zan ɗauka maka a gaban mutane. Abin da nake da shi ke nan: na zalunce ka, ɗana. Kai ke da gaskiya tun ranar farko. Ka yafe mini don Allah.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokan arziki, ya raba ka da zazzaɓi da mugun ruwa da mugun baki. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci ko bai yi maka daɗi ba. Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya zama mai yabanya duk inda ka taɓa, ya dawo mana da kai muna raye.

In ka sauka ka huta, ka rubuto wa Isa, zai zo ya karanta mini. Ba sai ta yi tsawo ba. Ka amsa mini kawai, ko da amsar ba wadda nake so ba ce, zan zauna in ji ta har ƙarshe.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Dije.